Kofato a Takardar Gidan Sarki

Shekarar da Sarki Zaki ya saki Zakanya Yalwa, dajin Kurmin Gauta ya rikice. Kowa ya san auren ya daɗe yana tangaɗi, don haka sakin bai ba kowa mamaki ba. Rigimar gidan ce ta hana dabbobi kiwo.

Gida ne hawa uku, har da tagar da aka yi wa wata don ya riƙa leƙowa. Da bashin Kada aka gina shi, aka jinginar masa da gidan a kan buhun dawa goma duk wata. Da aure ya mutu, biya ya tsaya. Kada ya fito daga ruwa ya kwanta a ƙofar fada, baki buɗe.

Aka tara majalisa. Waziri Kura ya miƙe, ya gyara babbar riga.

"Ranka ya daɗe, wannan gwamnati mai albarka ba ta taɓa cin bashi ba. Bashi ne ya zo ya same mu. Za mu kafa kwamiti ya binciko wanda ya nuna masa hanya!"

Kuraye suka yi tafi har ɗaya ya faɗo daga kujera.

Sarki ya ce, "Mai kwana a gida shi ke biya. Tana can tana idda."

Yalwa ta leƙo ta tagar wata. "Iddar da ka ja mini? Kai ka ce sai hawa uku, don Giwa ta ɗaga kai in za ta gaishe ka. Wanda ya dangwala shi zai biya!"

Kada ya tofo takardar bashin. Aka duba ƙasanta, sai ga sawun kofato. Ashe ranar yarjejeniya Sarki ya ƙyamaci tawada, ya ce tafin sarauta ba ya baƙi. Aka jawo Goho, tsohon jakin da ke jidar ƙasar ginin, ya dangwala a madadinsa.

Murna ta ɓarke. Waziri har da rawa. "Adalci ya yi halinsa! Goho, bashi naka ne, kai da jikokinka!"

Goho ya gama tauna karan da ke bakinsa tukuna.

"Ranka ya daɗe, dama dawar da ake kaiwa daga gonarmu take fitowa, a bayanmu kuma take tafiya. Malam Kada, in an gama biya, gidan na wa ne?"

"Na mai sawun," in ji Kada. "Ni ban san sarki ba, ban san saki ba. Takarda na sani."

Rawar Waziri ta tsaya, ƙafa ɗaya a sama.

Goho ya bar Yalwa ta ƙarasa iddarta, ya kai mata kayan ɗakinta gidan iyayenta kyauta. Sannan jakai suka tare. Wani ya hau hawa na uku ya yi kuka, Giwa ta ɗaga kai ta gaishe shi.

Ruwan farko ya sami Sarki a gindin tsamiya, kuraye sun watse neman sabon ubangida. Ya zo ƙofar gidan, geza na ɗiga.

"Goho, ɗan'uwana, ko zaure ka ba ni haya."

"Ba komai, ranka ya daɗe. Buhu ɗaya duk wata." Goho ya turo takarda da ƙoƙon tawada. "Amma da naka tafin."

Sarki ya dubi tawadar, ya dubi tafinsa. Ruwa na ta zuba.