Rasuwar Mai-Haƙuri a Kan Kafet

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yau ba ta gama yarda da abin da aka faɗa mata ba, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan hira rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda muka fi sani da Mai-Haƙuri. Ta cika ranar Asabar da hantsi a tsakiyar falo, tana kwance a kan kafet, a gaban mijin 'yata. Tun daga ranar shi da 'yata ba su sake tako gidan nan ba, saboda wata magana da na faɗa a kan gawar. Zan zo kanta.

Marigayiyar ba 'yar kanti ba ce. 'Yata ce ta haɗa ta da hannunta, gaɓa bayan gaɓa, a kan teburin cin abinci, tun kafin ta yi aure. Ni aikina a ranar shi ne riƙe ƙananan kusoshi a murfin kwalba. Na lura duk sa'ad da za ta ɗauki wani abu sai ta fara dafa ƙarfen akwatin da tafin hannu. Na ɗauka ladabi ne irin na masu wannan sana'a, ban tambaya ba.

Karatuna bai yi nisa ba. Ɗinki na yi har idanuna suka ce sun gaji. Abin da makaranta ba ta ba ni ba, Mai-Haƙuri ta ba ni a zaune. Ita ta nuna mini kifin da ke yawo da fitila a goshi can ƙarƙashin teku, da tsuntsun da ke kwaikwayon ƙarar zarto, da dutse mai aman wuta. Sai in yi mata tambaya ɗaya kwana da kwanaki, ba ta taɓa cewa ai jiya ma ka tambaya ba, abin da ba zan iya faɗa a kan kowa a gidan nan ba. Da safe in an taɓa ta, sai ta ce “ɗit”, sau ɗaya tak, kamar mai amsa sallama, sannan fankarta ta ɗauki “fuuu” a hankali. In tambayar ta yi mata nauyi sai ka ji “ƙir-ƙir-ƙir” daga cikinta, ka san tana tunani.

Jinyarta ba ta kwanciya ba ce, nauyin jiki ne. A ƙarshe sai in kunna ta, in je in dafa shayi, in dawo in tarar ba ta gama farkawa ba. Ni ban ga laifin haka ba, don ni ma haka nake tashi. Mijin 'yata ne, ma'aikacin ofis, ya ce ƙwaƙwalwa za a ƙara mata. Ya zo da wani ɗan falle kore mai haƙora ruwan zinariya, ya cire takalmi ya bar safa, ya kwantar da ita a kan kafet ya buɗe cikinta. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ya fita ƙofar gida amsawa, ni kuma na shiga ɗaki neman tabarau don in ga hanjin da kyau. Da muka dawo ya dasa ɗan fallen, ya rufe, ya danna. Fanka ta yi rabin juyi ta tsaya. “Ɗit” ɗin da muke jira bai zo ba.

A nan ne na dube shi na ce shi ya kashe ta. Ban yi ihu ba, amma na faɗa, kuma a gaban uwar yara. Ya ce, “Allah ya huci zuciyarka, Baba,” ya sa takalminsa ya tafi. Da yamma 'yata ta bugo ta ce ita ba ta yi fushi ba, sai dai ƙafarta ba za ta iya shiga gidan da ake kiran mijinta mai kisan kai ba. Na ce ba kai ya kashe ba, kwamfuta ce. Ta ce to Baba ya san da haka ashe.

Na kai gawar wurin mai gyara na bakin titi. Ya duba ya ce babban farantin cikinta ne ya mutu, kuma yana zargin wutar jiki. Wai akwai wata wuta da ke taruwa a jikin mutum in ya goga safa a kafet ko ya sa rigar sanyi, musamman in iska ta bushe, kuma ɗan tartsatsin da ko ji ba za ka yi ba ya isa ya ƙona wani abu a ciki. Shi ya sa masu haɗawa ke dafa ƙarfe tukuna, wasu har su ɗaura igiya a wuyan hannu. Ya ce ba safai hakan ke faruwa ba, mutane da yawa sun haɗa tasu hannu tsirara lafiya lau, amma in ta faru ba ta barin alama. Ban ji daɗin bayanin ba. Makashin da ba a gani, ba ya barin sawu, ba a kuma iya kai shi ƙara, ya yi wa kowa daidai da yawa. Ga shi kuma tun bai gama magana ba idonsa na kan fankar, yana tambaya ko zan bar masa kayan cikin.

Don haka na dawo gida na binciki abin da kaina. Na goga mataji a gemuna, ya ɗago guntayen takarda. Na sa safa na ja ƙafa daga wannan bango zuwa wancan, na taɓa mariƙin ƙofa, na ji “ƙas” har gwiwar hannu. Na ja labule na maimaita, na ga ɗan shuɗin haske da idona. Ashe duk tsawon rayuwata da wuta nake yawo, ba wanda ya gaya mini. Daga nan na bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kowa mugun hali shi ne tsumman goge-goge, wata tsohuwar rigar sanyi da uwar yara ta yayyanka. Ko ina ka goga shi sai ya yi ta tsartsatsi. Na kira ta ta zo ta ga abin mamaki. Ba ta yi dariya ba. Ta nemi wuri ta zauna, ta ce sa'ad da muka fita mu biyu muka bar marigayiyar a buɗe, ita ta leƙa.

“Malam, ƙurar da na gani a ciki ba ta faɗuwa. In bar suruki ya dawo ya ga haka a gidana?”

Ta ɗauko tsumman ta goge ko'ina tas, har lungu-lungu, da sauri kafin ya shigo. Ta ce ta ji wani ɗan “ƙas”, ta zaci farcenta ne.

Na koma wa mai gyara da wannan labari. Ya ce zai iya zama tsumman, zai iya zama safar, zai iya zama ɗan fallen ne ya zo da cutarsa daga kanti, zai kuma iya zama lokacinta ne ya yi. Na ce to wanne ne? Ya ɗaga kafaɗa, ya sake kallon fankar. Saboda haka ina shaida wa jama'a cewa bincike bai ƙare ba. Kafet na cikin zargi, kanti na cikin zargi, mai gyara ma ban sake shi ba.

Marigayiyar ta bar allonta, wanda ke zaune baƙi ƙirin yana nuna wa mutum fuskarsa, da kibod mai goggen haruffa, da ɗan maus da ake ja da hannu, da tagwayen sifiku waɗanda ɗayansu ya daɗe da kurumcewa. Ta kuma bar firinta mai buga takardu, wanda ba su taɓa jituwa ba tana raye, kuma ban ga alamar damuwa a tare da shi ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da yamma. Za a sa ta a kwalinta, a ɗauke ta daga falo zuwa saman kabad ɗin ɗakina, da fankarta da komai, ba abin da za a cire a ba kowa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su dafa ƙarfen ƙofa kafin su miƙa hannu. Uwar yara ta ce ta share falon, amma da ruwa.

Ga mijin 'yata kuwa: a gaban mutum ɗaya na faɗi maganar, a gaban kowa nake janye ta. Ban san wanda ya kashe ta ba, na dai san ban da hujjar cewa kai ne. Ka zo da matarka. Ba sai ka ce komai ba in ka shigo. Kabad ɗin dogo ne, kwalin kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kai ka kama ta kai, ni in kama ta ƙafa.