Yadda Za Ka Raba Aure da Balan-balan Biyu

Idan sana'ar hannu ta gundure ka, kana so mutane su riƙa durƙusawa kafin su yi maka magana, ga hanya. Maƙwabcina mai aski ya bi ta, cikin wata biyu ya koma "Malam mai duba". Tabbas tana ci, muddin ka sallami kunya.

1. Tanadi kayan aiki

Balan-balan biyu, zare, da tsohuwar hular ulu. Hura su, ka rataye su kusa da juna a tsakiyar shago. Kashe fanka. In an tambaye ka dalili, ka ce "su" ba sa son iska. Kada ka faɗi ko su wane ne. Mutane za su cike sauran da kansu.

2. San sirrin, ka rufe bakinka

Duk balan-balan ɗin da ka goga da ulu yana ɗaukar cajin lantarki. In ka goga biyun, caji iri ɗaya suka ɗauka, sai su guji juna. In ka goga ɗaya ka bar ɗaya, wanda aka goga zai janyo ɗan'uwansa. Iyakar ilimin ke nan. Yana cikin littafin 'yan makaranta, amma kwantar da hankalinka, iyayensu ba sa buɗe shi.

3. Karanci fuskar wanda ya fi baki

Duk wanda ya zo a duba masa aure, da amsarsa ya zo. Naka kawai ka miƙa masa ita.

Wata gwaggo mai ɗinki ta zo wurin maƙwabcina tare da yayanta. Ɗanta zai auri wata nas, an ma sa rana. Shi kuwa yayan ba ya ƙaunar yarinyar, don ta taɓa mayar da shi bayan layi a asibiti. Mai aski ya kalli yadda yayan ya haɗe gira, ya sa wa balan-balan ɗaya sunan ango, ɗaya na amarya, ya goge su duka biyun yana motsa leɓe. Kowanne ya yi nasa wuri.

"Kin gani ko?" in ji yayan. "Har roba ta san halinta."

"Malam, saura kwana ashirin fa," in ji gwaggo.

"Gwaggo, ni ɗan aike ne," in ji mai aski. "A fasa."

Koyi wannan amsa. Ɗan aike ba ya da laifi.

4. Kada ka yi duba ranar ruwa

Danshi yana zuƙe cajin, sai su tsaya ƙiƙam suna kallonka. Ka ce yau "sun" yi tafiya.

5. Ko za a yanka ka, kada ka yarda a duba ka

A nan maƙwabcina ya faɗi. Ya manta cewa macen da ta shekara talatin tana ganin yadin leda na manne mata a hannu ba ta da saurin tsorata. Bayan kwana uku gwaggo ta dawo. Shago cike, yayanta na kan kujera ana yi masa aski, matar mai askin kuma ta shigo da kwanon abinci.

"Malam, yau a duba mana kai da maiɗakinka," in ji gwaggo.

Ya yi dariya, ya goga ɗaya, ya saki.

"A'a, ɗan nan. Na ɗana duka biyun ka goga. Ina kallo."

Ya goga na biyun. Suka guji juna kamar an raba faɗa.

Matar ta ajiye kwano. "Au! Shekara goma sha ɗaya ina dafa maka, ashe haka aka ce?"

"Wallahi roba ce kawai! Lantarki ne, ko wa aka goga haka zai yi!"

"Ɗaga murya," in ji gwaggo. "Yaya bai ji ba, injin aski na kunnensa."

An ɗaura auren a ranar da aka sa. Yayan ya halarta, amma bai ci komai ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin auren da ka raba, ko zunubin da ka kwasa, ko marin da ka sha. Hanya na nuna maka, ƙafafun naka ne. In kuma asiri ya tonu, kada ka zo wurina neman abinci. Maƙwabcina ya riga ka, wata biyu ke nan matarsa ba ta aiko da kwano ba.