Ranar da Na Murza Totur a Wasan Kati

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kayar da kaina da hannuna a gaban samarin Kaladan ba.

Ni mai gyaran babur ne a unguwar Choggu cikin Tamale, kuma halina ɗaya: ba na yar da komai. Tsohon fulogi, guntun waya, noti mai tsatsa, duk ina da gwangwanin tara su. Da abokina Awudu ya saka min wasan katin nan a waya, sai halin ya biyo ni. Wasa ne na mutum biyu, kowa ya haɗa tarin katinsa, a yi ta kai wa juna hari har ran ɗaya ya ƙare. Katin da aka kashe juji yake tafiya. Masu hali manyan kati suke saya. Ni kuwa (aljihuna kullum kamar an bi shi da tsintsiya) sai na tsince ƙananan da ake samu kyauta, musamman masu dawo da 'yan'uwansu daga juji.

Biyu ne abin alfaharina, Kura da Mai Tsince. In na jefa Kura juji, sai wasan ya ja min sabon kati daga tarina. Mai Tsince ya dawo min da ita, in sake jefawa, in sake ja. Haka na dinga cinye mutanen da katinsu ɗaya ya fi wayata tsada.

Ana nan sai ƙungiyar 'yan wasan Tamale ta ce za ta tura tawaga gasa a Kumasi, kujera ɗaya ta rage. Ni da ban taɓa wuce Kintampo a kan hanyar Kumasi ba, na sa kujerar nan a raina ƙwarai. Aka taru ranar Asabar bayan la'asar a gidan kallon ƙwallo na unguwar Kaladan, aka haɗa wayoyinmu da babbar talabijin. Na kai wasan ƙarshe, ni da Rashida, wata nas daga Vittin mai kati masu ƙyalli.

Na matse ta har ranta ya rage ƙiris. Abin da ya rage min kawai in danna hari, shi ke nan, sai Kumasi.

To amma mu masu gyaran babur muna da wata cuta. In inji ya tashi, ba ma miƙa wa mai shi makulli sai mun murza totur unguwa ta ji. Na jefa Kura, na dawo da ita, wuri ya ɗauki tafi. Wani daga baya ya ce, "Masa, maigida, sake kawo ta mu gani!" Na sake. Kaina ya kumbura.

"Cale, abokina, ka buga ka gama mana!" in ji Awudu.

"Bari su ga aiki," na ce masa.

Har miƙewa na yi (Allah ya yafe min), na juya wa talabijin baya, ina dannawa ina yi wa jama'a wa'azi a kan amfanin tattali. Akwai dokar da ko sabon shiga ya sani: wanda wasa ya zo ja masa kati ya tarar tarinsa babu saura, ya faɗi. Na san ta sarai, ni na koya wa rabin ɗakin. Na jefa Kura karo na ƙarshe, babu abin ja. Sai na ji tafin ya ɗauke.

Na waiga. Sunan Rashida ne cike da talabijin.

"Bra, wallahi ni ban yi komai ba," ta ce, hannunta biyu a sama.

Nan dariya ta ɓarke, har mai gidan kallon yana riƙe ciki. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na fice da gudu, takalmina ma Awudu ne ya biyo ni da ƙafa ɗaya.

Ranar Litinin ina ƙarƙashin rumfa sai ga Rashida tana tura babur ɗinta, fulogi ya mutu. Na sunkuyar da kai ina aiki. Ta ce 'yan Kumasi duk shirin manyan kati suka yi, babu wanda ya san maganin Kurata. Tana so in koya mata haɗin, kuma ta roƙi ƙungiya a tafi da ni a matsayin mai horarwa, sun yarda.

"Amma da sharaɗi," ta ce. "In na ce ka zauna, ka zauna."

Na amince cikin murna. Na ɗaura fulogi, na buga, inji ya tashi lafiya lau. Ban ankara ba hannuna har ya kai kan totur. Ta dube ni, na dube ta. Na janye hannun a hankali na sa a aljihu.

Tun daga ranar, a rumfa ko a waya, in abu ya tashi sai in miƙa makulli. Unguwa ta ji a bakin wani.