Yadda Za Ka Zama Masanin Lantarki a Lafiya Ba Tare da Ka Taɓa Ganinta ba

Kai da kake neman aure a Lafiya, ba gona, ba rumfa a kasuwa, saurara. Bi matakan nan, na yi maka alkawari dattawa za su riƙa matsa maka wuri a tabarma. Ni Babandi na gwada da kaina, shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa.

1. Ka ɓace

Wata uku ya isa. Ka ce Ikko za ka, inda Turawa suke da wutar da ba ta shan mai. Kada ka wahalar da ƙafarka. Tsaya a Loko, bakin Binuwai, ka yi dako.

2. Ka dawo da shaida

Nemi kukun jirgin ruwa ya ba ka mataccen ƙwan lantarki. Ni da kaza ɗaya na samu nawa. Naɗe shi cikin tsumma bakwai, ka riƙa kwancewa a hankali.

3. Kada ka taɓa cewa ba ka sani ba

Hajja Ruƙayyatu, mai sayar da man ja na miya da na fitila a Bukan Sidi, uwar Barira da nake nema, ta tambaye ni ko ana dafa tuwo a kan ƙwan. Na ce har da miya. Ran nan da nama aka sallame ni.

4. In aka ce ka kunna

Ka ce wayar wutar ce ba ta iso ba, tana hanya. Ka tsaya nan. Ni ban tsaya ba, na ƙara da cewa in ta iso ba mai sake sayen man fitila. Hajja ta dubi tulunan manta, ta dube ni.

"To Babandi, na ba ka Barira. Ranar da ƙwan nan ya kama, sai a ɗaura."

5. Ka guji ma'aikatan jirgin ƙasa

Mahmuda, wani maƙerinsu da ya shekara biyar a Ikko, ya karɓi ƙwan a gaban jama'a, ya girgiza shi kusa da kunnensa, ya ce ko an jawo waya har ɗakina wannan ba zai tashi ba. Bai ko yi dariya ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Barira ta aiko mini cewa da na faɗa mata gaskiya, da ta haƙura ta auri ɗan dako. Bayan Babbar Sallah aka ɗaura mata da Mahmuda.

A kula

Duk abin da ya same ka, babu hannuna. Kada ka kawo ƙara ƙofata. In ka zo ma, wataƙila ina wurin Hajja sayen man fitila, kuma ba ta auna mini sai ta tambaya, cikin ladabi, ko wayar ta iso.