Iyalin Aro a Gonar Usfan

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na ari iyalin mutane ban gaya musu ba. Shekarata huɗu ke nan a Jidda, ina dakon kwalaye a wani sito a Khumra, matata da 'ya'yana biyu suna can ƙauyenmu. Kaɗaici ya fi cina idan zafi ya fara sauka, don na san a gida kaka ta yi, ana gasa masara a bakin gona, ni kuwa ina zaune ina kallon bango.

Sai na ji labarin wata gona a hanyar Usfan, inda ake zuwa shan iska ranar Juma'a, a karyi masara a gasa, yara su kalli tumaki. Na goge farar jallabiyata, na fesa turare (kai ka ce ɗaurin aure za ni), na hau motar haya. Ina isa ƙofa na ga allo da Larabci: iyali kaɗai. Wato gwauro ya koma inda ya fito.

Raina ya ɓaci matuƙa, don wallahi ƙamshin masarar har bakin ƙofa yake zuwa. Ina tsaye sai ga wata babbar mota ta sauke wata dattijuwa da ɗanta da matarsa da yara, baƙaƙe irina, suna ta zuba Larabci. Suka wuce suka bar kular ruwansu a ƙasa. Na sunkuce ta na bi bayansu.

"Kai fa? Ina iyalinka?" in ji mai gadi da Larabci.

Na nuna su da haɓa, har da ɗan tsakin maigidan da aka bari da kaya. Ya ce, "Yalla."

Na ajiye musu kular suka yi godiya, sun ɗauka lebura ne na gonar. Na sami wuri na zauna a tsakanin tabarmarsu da ta maƙwabtansu, yadda kowane ɓangare zai zaci na ɗayan ne. Awa guda ina nan ina murmushi ni kaɗai, in yaro ya yi dariya ni ma in yi. Rabon da in ji hayaniyar yara kusa da kunnena har na manta, sai da na juya kai na share ido.

Da na tsaya a haka da na tsira. Amma sai ɗan dattijuwar ya tashi gasa masara, ya jefa ta cikin harshen wuta tun garwashi bai yi ba. Ni da na tashi a gona, ina kallo ana ƙona abinci! Ban san lokacin da na miƙe na karɓe aikin ba. Na baje garwashi, ina fifita da kwali, ina juyawa, yara suka kewaye ni. Mutumin ya koma tabarma yana ba ni umarni, "Ya sadik," wato abokina, "ƙara uku." Ni kuwa baki har kunne.

Ana haka sai ga mai gadi ya rako mai ɗaukar hoto, irin wanda hoton ke fitowa nan take. Mai gadin ya dafa kafaɗata ya ce, "Yalla, shiga cikin iyalinka."

Ɗan dattijuwar ya dubi mai gadi. "Iyalin wa? Ba ma'aikacinku ba ne?"

"Ba ɗan'uwanku ba ne?" in ji mai gadi.

Maƙwabta suka daina tauna. Ni ina durƙushe da kwali a hannu, toka ta ɓata jallabiya, gumi na bin wuyana. Mai gadi ya miƙo hannu: "Iƙama," wato katin izinin zama. Na fara lalube aljihu, bakina ya suɓuce na ce, "Na shiga uku."

Dattijuwar ta ɗago kai. Da Hausa tsantsa ta ce, "Kai ɗan nan, ina naka iyalin?"

"Suna gida, Hajiya. Shekara huɗu."

Ta juya ta ce wa mai gadi, "Halas, ɗana ne." Ni kuma ta ce mini, "Tashi ka shiga hoto, masararka na ƙonewa."

Na shiga, can gefe. Aka ci, aka sha shayi, babu wanda ya sake tayar da zancen, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Da la'asar suka cika motarsu suka tafi, yara na ɗaga mini hannu ta taga. Hajiya ta bar mini hoton da masara shida. Na koma Khumra na gasa ɗaya a kan risho, na kasa cinyewa.

Hoton yana nan har yau, rabin fuskata ne kawai ya fito, da kwalin a hannuna. Abin da na koya kuwa shi ne, in za ka ari iyalin mutane ka fara sanar da su, kuma ka sani kafin magariba za ka mayar.