Mai Zane Ya Je Tuba

Wani ne a nan Daura, ya je Zariya ya yi sati biyu a ɗakin wani ɗan'uwansa mai karatun zane. Da ya dawo sai ga shi da fensir a bayan kunne, ya tara suma, ya goga wa rigarsa fenti da gangan. Ya ce daga yau kada wanda ya ƙara kiran sunansa, a ce masa atis.

Ya samu benci kusa da rijiyar Kusugu ya kafa allo. Kwana uku yana zana macijiyar rijiyar, yana kanne ido ɗaya, yana ja da baya yana gyaɗa kai. Wata tsohuwa daga Dutsi ta zo shan ruwa, ta tsaya ta leƙa.

Ta ce, "Sannu ɗan nan. Na wane ne?"

Ya ce, "Me fa?"

"Mazagin wandon."

"Iya, macijiya ce!"

Ta ƙara dubawa ta ce, "To, Allah ya ba ta lafiya."

Ya ja tsaki, ya ce mutanen ƙauye ba su san fasaha ba.

Sai Ɗantsoho, mahaucin bakin tasha, ya ce ya zana masa sa a allon rumfa, ƙato, mai tozo. Gogan naka ya gama, ya zo ya kafe allon can sama lokacin da Ɗantsoho yake mayanka. Ranar har azahar ko tsoka ɗaya ba ta fita ba. Mutum zai doso, ya ɗaga kai, ya yi a'uziyya, ya juya.

Can sai Kalilu ɗan acaɓa ya taka birki ya ce, "Haba Ɗantsoho! Ana cikin Shari'a kake tallan naman kare, har da allo?"

Ɗantsoho ya fito ya ɗaga kai. Ya suri barandami ya yi kan gogan da ke tsaye a gefe. Gogan yana gudu yana waiwaye yana ihu, "Ka dubi ƙahon mana!"

Ɗantsoho ya ce, "Tsaya ka nuna mini!"

Ran nan kuma gogan ya zauna wajen wa'azin Malam Hamma bayan la'asar. Ya ji malam ya ce duk mai zana abu mai rai, gobe kiyama za a ce ya busa masa rai. Nan take gogan ya tashi. Ya koma gida ya tattara takardunsa a buhu, ya ɗauko a ka, ya faɗa zauren malam yana sharɓar kuka.

"Allah gafarta malam, na halaka! Mutane, dabbobi, tsuntsaye, babu wanda ban zana ba. Baiwata ce za ta kai ni wuta!"

Malam ya saka tabarau, ya zaro takarda ɗaya. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Wannan taswirar garin Mashi ce?"

"Raƙumi ne, malam."

Ya zaro wata. "Yawwa, wannan na gane. Turmi."

"Matata ce, Zinariya."

"Ta gani?"

"Ta gani. Tana gidansu."

Malam ya cire tabarau ya ce, "Share hawayenka. Tashi ka tafi, ba ka da laifin komai. Ci gaba da zanenka."

Kukan ya tsaya cak. Gogan ya miƙe yana huci.

"Kamar yaya ba ni da laifi? Malam, da bakinka fa ka faɗa! Duk Daura akwai wanda ya kai ni? Wallahi in za a kama masu zane, ni za a fara kamawa!"

Malam ya miƙa masa raƙumin ya ce, "Bawan Allah, wannan ko an ce ka busa masa rai, ta ina ran zai shiga?"