Yadda Za Ka Miƙa wa Ɓarawo Sunanka da na Yayarka

Kwantar da hankalinka, wannan hanya ba ta taɓa ba kowa kunya ba. In ka bi ta sau da ƙafa, na yi maka alkawari kafin sati ya zagayo mutum biyu za su riƙa amsa sunanka, kuma na biyun zai fi ka morar sa. Abin koyinmu shi ne maƙwabcina Mai Fayil, akawu mai ritaya, wanda ya shekara talatin yana mayar wa mutane da fom don sun bar gurbi ɗaya ba su cike ba. Takardun danginsa kaf suna hannunsa, cikin koren fayil a saman kwaba.

1. Yarda cewa hukumar haraji tana ƙaunarka

Saƙo zai shigo imel ɗinka: an yanke maka haraji fiye da ƙima, za a mayar maka da rara. Kada ka tambayi kanka yaushe rabon da wata hukuma ta biyo ka a guje don ta ba ka kuɗi. Mai Fayil gyara tabarau kawai ya yi, ya ce, "An daɗe, amma yau an tuna da mu."

2. Kada ka dubi adireshin mai aikowa

Tsaya kan tambarin, ai ya yi kyau. Adireshin da ke sama, mai tarkacen lambobi da wutsiyar imel na kyauta irin na kowa da kowa, ba huruminka ba ne. In sun kira ka "Mai Biyan Haraji" ba su ambaci sunanka ba, kada ka ji haushi. Yanzu za ka ba su shi.

3. Yi sauri

Awa ashirin da huɗu za su ba ka, in ka wuce sun rufe maganarka. Mai Fayil ya san ofis ciki da bai, ya san takarda kan yi wata shida tsakanin tebur biyu da ke ɗaki ɗaya. Bai hana shi danna shuɗin rubutun da ke cikin saƙon, mai kai mutum ga fom ɗinsu ba, yana cewa, "Zamani ya canza."

4. Yi wa mai ba ka shawara tsawa

Matarsa na gefen gado tana ninke wanki.

"Baban yara, ka leƙa ofishin gobe mana ka tambaya. Ba ga shi can bayan tasha ba?"

"Ke shekara nawa kika yi a aikin gwamnati?"

"Ko ɗaya. Shi ya sa nake tambaya kafin in sa hannu."

"To ci gaba da ninkinki."

Ka lura, ilimi ba ya zama da tambaya a gida ɗaya.

5. Kada ka bar gurbi

A nan gwani ke nuna kansa. Lambar katin shaida, ranar haihuwa, sunan mahaifiya, katin banki gaba da baya, lambar sirri. Hukumar gaskiya ba ta taɓa neman lambar sirrinka, amma wannan rashin tsarinta ne.

Can ƙasa akwai gurbi: "Waɗanda ke ƙarƙashin kulawarka." Ba dole ba ne a cike shi. Amma gurbi ne, kuma Mai Fayil bai taɓa iya kallon gurbi ya wuce ba. Ya hau kujera ya sauko da koren fayil, ya ɗauki hoton katin yayarsa da lambar asusunta. Mijinta ya rasu bara, wata goma sha ɗaya ke nan tana jiran haƙƙinsa na wurin aiki ya shigo asusun nan, da shi za ta gyara rufin da ke yoyo a kanta.

6. Karanta musu lambar

Wani mai ladabi zai kira ka, ya ce saura lambar da banki ya tura. Lambar da aka tura kan asusun yayarsa wayarta ta shiga, don haka Mai Fayil ya kira ta.

"Yaya, karanto min lambar da ta shigo yanzu."

"Auta, jikata ta duba, ta ce an rubuta kada a faɗa wa kowa."

"Haba Yaya, ni ne kowa?"

Ta karanto masa, har sau biyu, don kada ya yi kuskure.

7. Raka ta banki

Ranar da za ta je jin ko haƙƙin mijinta ya shigo, sa rigarka mai guga, ka shiga gaba, kai ne mai boko. Ma'aikaciyar ta daɗe tana kallon kwamfuta kafin ta ɗago.

"Mama, ai kuɗin ya shigo ranar Litinin, kika kwashe shi ranar Talata. Har lambar waya kika canza."

"Ni? Talata ina asibiti ana duba min ƙafa, 'yar nan."

Yaya ba ta yi ihu ba. Ta juyo ta dubi ƙanenta mai furfura, ta gyara mayafi.

"In mun je gida ka ba ni takarduna. Ni ban yi boko ba, amma ban taɓa ɓatar da kaina ba."

Sanarwa

Wanda ya goge saƙon, ko ya taka da ƙafarsa ya je ofishin ya tambaya, ya ɓata min tsari, kada ya zo yana ƙorafin bai ga sakamako ba. Wanda kuma ya bi matakan har ƙarshe, babu hannuna babu ƙafata, kuma ba na shiga sulhu tsakanin 'yan'uwa. Mai Fayil ma sati uku ke nan yana zuwa gaida Yaya, ana amsa masa ta taga.